Sankarar Ido a Ƙananan Yara: Yawanta, Gadonta da Maganinta

Sankarar ido ta yara, wadda likitoci ke kira retinobilastoma, ciwon daji ne da ke tsirowa a can cikin ƙwayar idon jariri ko ƙaramin yaro. A cikin cututtukan dajin da ke tasowa daga cikin idon yara babu wanda ya kai ta yawa, amma duk da haka ba kasafai ake ganinta ba: a cikin jarirai 15,000 zuwa 20,000 da aka haifa, ɗaya ne kan kamu. Kusan duk masu kamuwa ba su wuce shekara 5 ba, kuma wajen kashi 40 cikin 100 nasu suna ɗauke da tushen ciwon a jininsu, har za su iya gadar wa 'ya'yansu. Idan aka tare ta tun tana cikin ido, tana sahun gaba a cikin cututtukan dajin da ake warkewa daga gare su. Idan kuwa ta fita daga ido ta shiga ƙwaƙwalwa ko ƙashi, da wuya yaro ya tsira. Saboda haka makomar yaro ta fi rataya ne a kan lokacin da aka kai shi wurin likitan ido.

Inda ciwon yake tsirowa

A bangon baya na ƙwayar ido, daga ciki, akwai wani siririn tantani a shimfiɗe wanda ake kira retina. Haske yana shiga ta ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido, ya ratsa ya sauka a kan wannan tantani, shi kuma ya mayar da shi saƙo, jijiyar gani ta ɗauka ta kai ƙwaƙwalwa. Tun jariri yana ciki ƙwayoyin halittar tantanin suke rarrabuwa suna ƙaruwa, kuma ba sa gama ƙosawa sai a shekarun farko na rayuwa. Da zarar sun ƙosa sai su daina rarrabuwa. Sankarar ido tana farawa ne idan ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi ta ƙi tsayawa, ta yi ta hayayyafa har ta zama ƙari. Wannan shi ne dalilin da ya sa ciwon yake na jarirai da 'yan yaye: in yaro ya kai shekara 6 ko 7, ƙwayoyin da za su iya rikiɗa sun riga sun ƙosa.

Ƙarin fari ne ko ruwan madara, kuma sau da yawa akwai ɓarɓashin sinadarin kalsiyam a cikinsa. Wani yakan tsiro ya nufi tsakiyar ido, yana zubar da 'yan guntaye a cikin ruwan idon. Wani kuma yakan kutsa ta ƙarƙashin tantanin ya ɗaga shi daga mazauninsa. A cikin yara uku masu ciwon, wajen biyu ido ɗaya ne ke kamuwa, ɗaya kuma duka biyun.

Yawansa a duniya

Abin lura game da wannan ciwo shi ne bai san launin fata ko arziki ba. Gwargwadon abin da bincike ya nuna, adadinsa a cikin jariran da ake haifa kusan ɗaya ne a ko'ina, kuma maza da mata daidai suke wajen kamuwa. An ƙiyasta cewa yara wajen 8,000 ne ke kamuwa a duniya kowace shekara. Tunda kuwa yawan masu kamuwa yana bin yawan haihuwa ne, nauyin ya fi sauka a kan Asiya da Afirka. Indiya ce kan gaba, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu ciwon.

Lissafin ba shi da wuya. Ana haifar jarirai sama da miliyan 7 a Nijeriya duk shekara, don haka ana sa ran samun sababbin masu ciwon tsakanin 350 da 500. Nijar, inda haihuwa ta haura miliyan 1 a shekara, rabonta zai kai 55 zuwa 80. Waɗannan alkaluma na ƙiyasi ne, kuma waɗanda ke isa asibiti a rubuta sunayensu ba su kai haka ba, domin yara da yawa suna rasuwa a gida ba tare da an san sunan abin da ya kashe su ba. Ta wani ɓangaren kuma ƙarancin ciwon shi kansa matsala ne. Ma'aikacin ƙaramin asibiti zai iya shekara da shekaru yana aiki bai taɓa cin karo da shi ba, sai ran da aka kawo masa yaro mai fari a ido ya ba da maganin ɗigawa ya sallame su.

Babban binciken da ya fito da hoton al'amarin shi ne wanda ya tattara bayanan yara 4,351 da aka gano suna da ciwon a shekarar 2017, daga cibiyoyi 278 a ƙasashe 153, aka kuma wallafa shi a 2020. Kusan kashi 85 cikin 100 na yaran daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suka fito. A ƙasashe masu arziki, yawanci ana gano ciwon yaro yana da wata 14, a ƙasashe matalauta kuwa sai ya haura wata 30. A rukunin farko, ƙasa da kashi 2 cikin 100 ne ciwonsu ya fita daga ido kafin a gano shi. A rukuni na biyu kusan rabin yaran ne suka zo a wannan hali, kuma kusan ɗaya cikin biyar ciwon ya riga ya bazu a jiki.

Da aka bi sawun yaran na tsawon shekara 3, sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna cewa kashi 99.5 cikin 100 na yaran ƙasashe masu arziki suna raye. A ƙasashe masu matsakaicin ƙarfi na sama kashi 91 ne, a na ƙasa, rukunin da Bankin Duniya ya sa Nijeriya, kashi 80, a ƙasashe matalauta irin su Nijar da Mali da Chadi kuma kashi 57. Waɗannan ma alkaluman waɗanda suka isa cibiyoyin magani ne kawai.

Yadda ake gadonsa

Tun kafin a san ƙwayoyin gado an lura cewa ciwon yana bin dangi. Wani likitan ido a birnin Riyo da ke Burazil, Hilário de Gouvêa, ya cire wa wani yaro ɗan shekara 2 ido a 1872. Yaron ya rayu, ya girma, ya yi aure, sai ga 'ya'yansa mata biyu da irin ciwon a idanuwansu. Rahoton da likitan ya bayar yana cikin shaidu na farko da suka nuna cewa ana iya gadon ciwon daji.

Bayanin yadda abin yake faruwa ya zo ne a 1971 daga wani likita ɗan Amurka, Alfred Knudson, wanda ya yi nazarin bayanan yara 48. Ya lura cewa masu ciwon a ido biyu suna kamuwa da wuri, kuma sau da yawa ƙari fiye da ɗaya ne a idonsu, alhali masu ciwon a ido ɗaya suna kamuwa a makare da ƙari guda. Daga nan ya yanke cewa sai ɓarna biyu sun haɗu a ƙwayar halitta ɗaya kafin ta zama sankara. A 1986 masu bincike a yankin Boston, cikinsu har da Stephen Friend da Thaddeus Dryja da Robert Weinberg, suka gano ainihin ƙwayar gadon, wadda aka sa wa suna RB1, a kan kuromosom na 13. Ita ce ta farko da aka ware a cikin ƙwayoyin gadon da aikinsu shi ne hana ciwon daji tsirowa, kuma gano ta ya buɗe hanyar fahimtar cututtukan daji da dama na manya.

Kowane mutum yana da RB1 guda biyu a kowace ƙwayar halittarsa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Misalinsu kamar akuya ce da aka ɗaure a turke da igiya biyu: in ɗaya ta tsinke ɗayar za ta riƙe, sai duka biyun sun tsinke take kwancewa ta shiga gonar mutane. Yaron da bai yi gado ba, da igiyoyinsa biyu lafiyayyu aka haife shi, don haka sai an yi rashin sa'a duka biyun sun lalace a cikin ƙwayar halitta guda. Wannan abu ne mai wuyar aukuwa, shi ya sa yakan zo a ido ɗaya, da ƙari ɗaya, yawanci wajen shekara 2, kuma ba ya wucewa ga zuriya. Yaron da ya yi gado kuwa da ɗaya a lalace aka haife shi, a kowace ƙwayar halitta ta jikinsa. A cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke tantanin idonsa, abu ne mai sauƙi ta biyun ta lalace a wuri ɗaya ko wurare da yawa. Shi ya sa nasa ciwon yake zuwa da wuri, galibi a shekarar farko, kuma a ido biyu.

Duk yaron da ciwon ya kama masa ido biyu, mai nau'in gado ne. A cikin masu ido ɗaya ma wajen kashi 15 cikin 100 suna da shi. Mai ɗauke da lalatacciyar RB1, namiji ne ko mace, kowane ciki da aka samu daga gare shi rabi da rabi ne: ko jaririn ya ɗauka ko ya tsallake. A cikin goma da suka ɗauka, wajen tara za su yi ciwon. Sauran ba za su yi ba, amma za su iya miƙa wa 'ya'yansu, shi ya sa wani lokaci ake ganin ciwon ya tsallake uba ya faɗa kan jika.

Akwai abu biyu da kan rikita iyaye a nan. Na farko, yawancin yaran da ke da nau'in gado babu wanda ya taɓa yin ciwon a danginsu. Wajen ɗaya cikin goma ne kawai na dukkan masu sankarar ido ake samun tarihinta a gidansu. A wurin sauran masu nau'in gado, ɓarnar sabuwa ce, ta faru a maniyyi ko ƙwan da aka halicci yaron da shi, ko kuma a kwanakin farko na ciki. Iyayen lafiyarsu ƙalau, amma gadon ya fara daga kan yaron. Babu wani abinci da uwa ta ci ko aikin da ta yi da ciki da aka tabbatar yana jawo wannan.

Na biyu shi ne batun auren zumunci. A ƙasar Hausa, inda aka saba da bayanin sikila, da an ce ciwon gado sai tunani ya tafi kan cewa jinin uwa da na uba ne bai dace ba. Sikila sai yaro ya ɗauko daga ɓangare biyu take bayyana. Sankarar ido kuwa ɓangare ɗaya ya isa, don haka auren 'yan uwa ba shi ne sanadinta ba, auren bare kuma ba ya kare ta. Gwajin jinin da ake yi kafin aure don sikila ba ya nuna ta.

Alamomin farko

Alamar da ta fi yawa ita ce farin haske a tsakiyar baƙin ido. A binciken 2017, wajen yara 63 cikin 100 da ita aka fara gane ciwonsu. Da farko ba kullum ake ganinta ba. Uwa na shayar da yaro da magariba, ko ta haska masa tocila a ɗaki, sai ta ga wani abu ya ƙyalla a idon, fari ko ruwan ɗorawa, ya juya kai kuma abin ya ɓace. Iyaye mata kan ce idon yana ƙyalli irin na kyanwa da dare. Da rana tsaka ƙofar idon takan tsuke ta ɓoye ƙarin, sai uwa ta nuna wa mutanen gida su ce ba su ga komai ba. Yaron kuma ba ya kuka, ba zazzaɓi, yana wasansa, domin ɗaya idon yana gani. Hoton waya da aka ɗauka da filasha a wuri mai duhu yakan tona abin: ido ɗaya ya fito ja ko ruwan lemo, ɗayan fari fat.

Alama ta biyu ita ce harara-garke, ido ɗaya ya karkace ciki ko waje. Hakan na faruwa idan ƙarin ya zauna a tsakiyar tantanin ya kashe ganin idon. Jariri sabon haihuwa idanunsa kan ɗan yi yawo a makonnin farko, amma karkacewar da ta zauna daram, ko wadda ta wuce wata 3 zuwa 4, tana buƙatar likita ya leƙa cikin idon. Sauran alamomin sun haɗa da jan ido mai ciwo da ba ya jin magani, canjin launin ido, girman ƙwayar ido ɗaya fiye da ɗaya, da rawar idanu a jaririn da duka biyun suka kamu.

Ba kowane fari a ido ne sankara ba. Yanar ido da ake haifar jariri da ita tana kawo shi, haka ma wasu cututtukan jijiyoyin jini na bayan ido. Hakiya kuma, wadda kan biyo bayan ƙyanda ko rauni, a saman baƙin ido take zaune, ba a ciki ba. Amma rarrabe waɗannan aikin likitan ido ne, kuma kusan dukkansu suna buƙatar gaggawa. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a duba duk yaron da aka ga fari a idonsa cikin 'yan kwanaki.

Idan aka bar ciwon, ƙarin yakan cika ƙwayar idon, ya toshe hanyar ruwanta, idon ya yi tauri ya yi zafi. Daga nan sai ya bi jijiyar gani ya nufi ƙwaƙwalwa, ko ya huda bangon ido ya cika kwarmin, idon ya turo waje ya zama gyambo mai zubar jini. Ta hanyar jini kuma yana kaiwa ga ɓargo da ƙashi da hanta. A manyan asibitocin Afirka ta Yamma, yara da yawa a wannan mataki na turowar ido ake kawo su. Wanda ba a yi wa magani ba, yawanci ba ya wuce shekara 1 zuwa 2.

Bincike a asibiti

Gwajin farko mai sauƙi ne. A ɗaki mai duhu, ma'aikacin lafiya yakan tsaya kamar kamu ɗaya ko biyu daga fuskar yaro, ya haska idanun da 'yar na'urar leƙa ido, ya dubi hasken da ke dawowa. A fararen yara ja ne, a baƙaƙen yara kuwa yakan yi ruwan lemo ko ya ɗan kwashe, don haka abin da ake nema shi ne idanun biyu su yi daidai da juna. Gwajin bai fi minti ɗaya ba. Akwai ma wata ƙaramar na'ura mai araha mai cajin hasken rana, Arclight, da aka inganta tare da Jami'ar St Andrews ta Sikotland domin ƙananan asibitoci.

Idan an ga abin zargi, likitan ido zai ɗiga maganin buɗe ƙofar ido, a sa yaron barci, a duba kowane lungu na idanun biyu. Hoton sikanin yana nuna ƙarin da ɓarɓashin kalsiyam ɗinsa, hoton MRI kuma yana nuna ko ya shiga jijiyar gani ko ƙwaƙwalwa. Saɓanin sauran cututtukan daji, ba a tsaga ido a yanko tsoka don gwaji, saboda huda shi yana buɗe wa ciwon hanyar fita. Wannan ne ma ya sa taɓa irin wannan ido da allura ko aska a wurin masu cire yana na gargajiya yake da mugun haɗari.

Magani

Likitoci sun jera burinsu hawa uku: a ceci rai, sannan a ceci ido, sannan a ceci gani. Ba a sayar da na farko don na biyu.

Ƙananan ƙari ana ƙone su da hasken leza ko a daskarar da su da sanyi, yaro yana barci, sau da yawa a zama fiye da ɗaya. Matsakaita ana fara rage su da magungunan kashe sankara ta jijiya, galibi haɗin guda uku, binkiristin da etofosaid da kabofilatin, zagaye shida a tsakanin mako 3 zuwa 4, sannan a ƙarasa da leza ko sanyi. Akwai kuma ɗan faifai mai tururin gashi da ake ɗinkawa a bayan ido na 'yan kwanaki. A cibiyoyin da suka ci gaba ana zura siririn bututu daga jijiyar cinya har zuwa jijiyar da ke kai wa ido jini, a zuba maganin kai tsaye. Likitocin Japan ne suka fara wannan hanya, aka inganta ta a birnin New York daga 2006. Gashi daga waje, wanda a da shi ne babban makami, yanzu an rage amfani da shi ƙwarai, domin an gano yana ƙara wa masu nau'in gado haɗarin wata sankarar daga baya.

Idan ƙarin ya cika ido, gani ya tafi, maganin da ya fi tabbas shi ne cire ƙwayar idon. Tun 1809 wani likitan tiyata ɗan Sikotland, James Wardrop, ya ba da shawarar haka, kuma har yau ita ce tiyatar da ta fi ceton rayukan masu wannan ciwo. Likita yakan cire ƙwayar tare da wani tsawo na jijiyar gani, ya sa wani ɗan dunƙule a gurbin don kada kwarmin ya shafe, ya aika idon ɗakin gwaji. In gwaji ya nuna ciwon ya fara kutsawa jijiya ko bangon ido, sai a bi da magani ta jijiya. Bayan 'yan makonni ana auna wa yaro idon roba mai launin ɗan uwansa, wanda ake cirewa a wanke, a kuma sake shi yayin da yaro ke girma. Fatar ido da gira suna nan yadda suke. Yaro mai ido ɗaya lafiyayye yana karatu, yana sana'a, yana aure. Ɗan wasan kwaikwayon Amurka Peter Falk an cire masa idon dama saboda wannan ciwo yana ɗan shekara 3, ya kuma rayu har shekara 83.

Abin da ke jawo jinkiri

Jinkirin hawa-hawa ne. Akwai na gida, inda ake ɗaukar farin a matsayin hakiya ko abin da zai washe da kansa, a ɗiga nono, a sa kwalli, ko a danganta shi da kambun baka ko iska a nufi wurin mai magani. Akwai na kemis da ƙaramin asibiti, inda ake ba da maganin ɗigawa wata da watanni. Akwai na nisa da kuɗi, domin likitocin ido a manyan birane suke, kuma magani na watanni yana nufin kuɗin mota, masauki, barin gona ko kasuwa. Sai kuma mafi ɗaci, wato ƙin yarda da cire ido. Iyaye na kallon yaro yana gudu yana dariya, a ce musu za a cire masa ido, sai su ce za su je su yi shawara da manya. Da yawa ba sa dawowa sai idon ya turo, lokacin da tiyatar da za ta wadatar a baya ta daina wadatarwa. Wasu kuma sukan daina zuwa karɓar magani da zarar sun ga kumburi ya saɓe, alhali ciwon bai mutu ba.

Likitocin da suka daɗe a wannan fage sun ga cewa iyaye sun fi amincewa idan aka zaunar da uba da uwa da kakanni tare, aka yi musu bayani da harshensu, aka nuna musu idon roba suka riƙe a hannu, ko aka haɗa su da iyalin da ɗansu ya warke.

A arewacin Nijeriya, Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri suna cikin wuraren da ake tura yara masu matsalar ido mai tsanani. A Nijar manyan asibitocin Yamai ne madogara.

Iyali bayan an gano ciwon

Gano ciwon a yaro ɗaya yana nufin a duba sauran gida. Ana leƙa idanun uwa da uba, domin wani lokaci akan tarar da tabon tsohon ƙari da ya tsaya da kansa, wanda ke nuna daga inda gadon ya fito. Ana duba ƙanne da yayyen da ba su wuce shekarun haɗari ba. A gidan da uban ne ke ɗauke da matsalar, 'ya'yan kowane ɗaki haɗarinsu ɗaya ne. Jaririn da aka haifa wa wanda ya taɓa yin ciwon ya kamata likitan ido ya gan shi a kwanakin farko, ba sai an yi suna ko arba'in ba, sannan a ci gaba da dubawa duk bayan 'yan makonni, ana tsawaita tazara har ya kai shekara 5 zuwa 7. Ƙarin da aka kama ta wannan hanya yawanci ƙanƙane ne, leza kaɗai ta ishe shi, ido da gani duka su tsira. Inda ake da gwajin RB1 na jini, yana tantance wanda ya ɗauka da wanda ya tsallake, ya hutar da na biyun daga yawan sa barci. Gwajin yana da tsada kuma bai wadata a Afirka ba, don haka duba ido a kai a kai shi ne abin dogaro.

Mai nau'in gado da ya warke yana buƙatar kulawa har girma. Kaɗan daga cikinsu kan sami irin wannan ƙari a tsakiyar ƙwaƙwalwa tun suna ƙanana. Daga ƙuruciya zuwa manyanta kuma haɗarin sankarar ƙashi, ta tsoka da ta fata ya fi na sauran mutane, musamman ga wanda aka yi wa gashi ko mai shan taba. Ciwon ƙashi ko kumburin da ya ƙi tafiya a jikin irin wannan mutum abin kai wa likita ne. Haƙƙinsa ne kuma idan ya girma a faɗa masa sunan ciwon da ya yi, domin yara da yawa sun tashi da labarin cewa tsinke ne ya soke musu ido, sai gaskiya ta fito a kan 'ya'yansu.

Ƙoƙarin rage tazara

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin yaƙi da ciwon dajin yara, da burin cewa zuwa 2030 aƙalla kashi 60 cikin 100 na yara masu ciwon daji su riƙa rayuwa. Sankarar ido tana cikin cututtuka shida da shirin ya sa a gaba, saboda ana iya gane ta da ido kuma maganinta sananne ne.

Ƙasashe marasa ƙarfi sun nuna abin da zai yiwu. A Honduras an haɗa wayar da kai game da farin ido da gangamin rigakafi na ƙasa a 2003, aka rarraba hotuna a asibitocin da uwaye ke kai jarirai. Yawan yaran da ake kawowa bayan ciwon ya fita daga ido ya sauko daga kashi 73 zuwa kashi 35 cikin 100. Kenya ta kafa tsarin ƙasa na yaƙi da ciwon a 2008, wanda ya haɗa likitocin ido, na yara, masu gwajin tsoka da iyaye, ya kuma samar da ƙa'idojin magani na bai ɗaya. A Bamako ta Mali, haɗin gwiwa da likitocin Faransa tun daga 2011 ya kawo maganin ceton ido da yin idon roba a cikin ƙasar.

Darasin waɗannan wurare ɗaya ne, kuma ya dace da ƙasar Hausa. Jariri yana haɗuwa da ma'aikatan lafiya sau da yawa a shekararsa ta farko: wurin haihuwa, wurin awo, da ranakun rigakafi. Idan aka koya wa ungozoma da ma'aikatan rigakafi duba hasken ido, aka tambayi kowace uwa ko ta taɓa ganin fari ko karkacewa a idon ɗanta, aka kuma shimfiɗa hanya madaidaiciya daga ƙaramin asibiti zuwa likitan ido, za a riƙa kama yawancin masu ciwon tun yana cikin ido, matakin da tiyata ɗaya da magani na 'yan watanni suke warkar da fiye da tara cikin goma.